BABI NA UKU: HANYOYIN WARWARE MATSALOLIN BUGA KATI A WASAN BIRIJ

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani ne a kan yadda ɗan wasan birij yake tunkarar matsalar da katuna suka ajiye a gabansa, da matakan da yake bi har ya kai ga zaɓen hanyar da ta fi dacewa. Duk wanda ya ji kalmar karta a ƙasar Hausa, caca ce ke fara zuwa masa a rai, wato harka ce ta sa'a da tsautsayi. To amma abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a wasan birij matsalar buga kati matsala ce ta lissafi, kuma galibi ana warware ta ne, ko a ɓata ta, tun kafin a saki kati na farko. Za a kawo misalai na hannaye, a bi su daki-daki.

3.1 Tsarin Wasan da Kalmomin da za a Yi Amfani da Su

Birij ya samo asali ne daga wasan wist na ƙasar Ingila, wanda Edmond Hoyle ya wallafa ɗan littafi a kansa a shekarar 1742. Tsarin da ake bi a yau, wato birij na kwangila, ya kafu ne a kan lissafin maki da Ba'amurke Harold Vanderbilt ya tsara a shekarar 1925. An kafa ƙungiyar wasan ta duniya a 1958.

Mutum huɗu ne ke yin wasan, biyu-biyu. Ana kiran su da sunayen kusurwoyi: Arewa da Kudu abokan juna ne, Gabas da Yamma su ma haka. Ana raba katuna 52, kowa ya sami 13. Katunan sun kasu dangi huɗu, waɗanda a nan za a kira su mashi (♠) da zuciya (♥) da daimon (♦) da ganye (♣). A kowane dangi As ne babba, sai Sarki, sai Sarauniya, sai Jak, sai goma har zuwa biyu. A misalan da ke tafe an bar haruffan da ke jikin katunan yadda suke: A, K, Q, J.

Idan kowa ya saki kati ɗaya, an yi zubi ɗaya ke nan, don haka akwai zubi 13 a kowane rabo. Dole ne mutum ya bi dangin da aka ja muddin yana da shi. Wanda ya ci zubi shi ne zai ja na gaba. Kafin a fara buga kati ana yin tayi, inda ɓangare ɗaya zai ɗauki kwangilar cin adadin zubi kaza, tare da ayyana dangin yanka, wato dangin da ko ƙaramin katinsa yana iya kashe As na wani dangi idan mai shi ba ya da dangin da aka ja. Akan kuma yi kwangilar da babu dangin yanka, wadda za a kira ba-yanka. Zubi shida na farko ba sa shiga lissafin tayi, saboda haka kwangilar uku ba-yanka tana nufin zubi tara, shida mashi kuwa zubi goma sha biyu.

Wanda zai buga kwangilar shi ne ɗan kwangila. Da zarar abokin hamayyar da ke hagunsa ya ja katin farko, sai abokin ɗan kwangila ya baje katunansa a fili kowa ya gani, ya koma ɗan kallo. Wannan hannu da aka baje shi za a kira shimfiɗa. Sauran biyun su ne masu tsaro. A duk misalan, Kudu ne ɗan kwangila, Arewa ne shimfiɗa.

Daga nan ne matsalar ta taso. Ɗan kwangila yana ganin katuna 26, sauran 26 kuwa ya san ko waɗanne ne, amma bai san yadda suka rabu tsakanin Gabas da Yamma ba.

3.2 Ƙidaya Kafin Zubin Farko

Littattafan koyar da wasan, tun daga na Louis Watson na shekarar 1934 a kan buga hannu, sun haɗu a kan abu guda: ɗan kwangila ya dakata idan an baje shimfiɗa, ya yi ƙidaya. A kwangilar ba-yanka yana ƙirga zubin da yake da tabbacin ci ba tare da ya saki jan zubi ga abokan hamayya ba. A kwangilar da ke da dangin yanka kuwa, ya fi sauƙi ya ƙirga waɗanda zai iya rasawa. Bayan haka sai ya tambayi kansa daga wane dangi cikon zai fito, wane ne cikin masu tsaro zai iya cutar da shi idan jan zubi ya shiga hannunsa, sannan ta wace ƙofa zai riƙa shiga daga hannu zuwa shimfiɗa da komowa.

Akwai kuma alƙaluman rabuwar katuna da ake bukatar ɗan wasa ya riƙe a ka. Idan katuna huɗu na wani dangi ne ke hannun masu tsaro, yiwuwar su rabu 2-2 kashi 40.7 ce cikin ɗari, 3-1 kashi 49.7, sannan 4-0 kashi 9.6. Idan biyar ne, 3-2 tana da kashi 67.8, 4-1 kuma 28.3. Idan shida ne, 3-3 tana da kashi 35.5 kacal, alhali 4-2 tana da kimanin 48.5. Abin lura a nan shi ne, idan adadin cika ne kamar huɗu ko shida, rabuwa daidai wa daida ba ita ce ta fi yawan aukuwa ba, saɓanin yadda sabon ɗan wasa yake zato.

3.3 Jinkirta Cin Zubi da Sanin Hannu Mai Haɗari

Misali na farko, kwangilar uku ba-yanka, Yamma ya ja Sarkin mashi:

Arewa: ♠ 7 4  ♥ K 6 3  ♦ A J 10 8 5  ♣ K 7 2
Kudu: ♠ A 8 3  ♥ A 7 5 2  ♦ Q 9 4  ♣ A 6 5

Tabbatattun zubi shida ne: ɗaya a mashi, biyu a zuciya, ɗaya a daimon, biyu a ganye. Ana neman ƙarin uku, kuma babu inda za su fito sai daimon. Dabarar da za a yi a can ita ce wadda za a kira kwanto. Kudu zai ja Sarauniya, idan Yamma bai ɗora Sarki ba sai a saki ƙaramin kati daga shimfiɗa, As yana nan yana jiran Sarkin. Idan Sarkin yana wajen Yamma an kama shi. Idan yana wajen Gabas zai ci zubi ɗaya, amma sauran daimon huɗu sun zama na Kudu, zubi tara sun cika.

Haɗarin yana cikin mashi. Masu tsaro suna da katuna takwas a wannan dangi, Kudu kuwa As ɗaya ne katangarsa. A ce ya ci zubin farko da As, ya yi kwanto, Gabas ya ci da Sarki. Gabas zai ja mashi, idan kuwa Yamma ya fara da biyar sai ya kwashe zubi huɗu a jere. Huɗu da ɗaya biyar, kwangila ta rushe.

Mafita ita ce Kudu ya ƙi cin zubin farko da na biyu, ya ci na uku. Idan mashi ya rabu 5-3, to a lokacin da Gabas zai ci da Sarkin daimon ba ya da sauran mashi ko ɗaya da zai miƙa wa abokinsa. Idan kuma ya rabu 4-4, Gabas yana da ɗaya, amma duk abin da za su ci bai wuce mashi uku da Sarkin daimon ba, wato huɗu, kwangila ta tsira. Ke nan jinkirin bai ƙara wa Kudu zubi ko ɗaya ba. Abin da ya yi shi ne ya yanke igiyar da ke tsakanin masu tsaro biyu.

'Yan wasa suna da wata ƙa'ida ta saukaka wannan lissafi: a haɗa katunan dangin da ke hannu da shimfiɗa, a cire daga bakwai, abin da ya rage shi ne sau nawa za a jinkirta. A nan biyar daga bakwai saura biyu. Ƙa'idar tana da amfani, sai dai ba ta tunani a madadin mutum, kamar yadda ɗan canji kaɗan zai nuna.

A musanya As da Sarauniyar daimon, wato Arewa ya riƙe Q J 10 8 5, Kudu ya riƙe A 9 4, komai ya tsaya yadda yake. Ƙarfin katunan bai canja ba, amma yanzu kwanton yana fuskantar ɗaya ɓangaren: idan ya ci tura, Yamma ne zai ci, wato mai dogon mashi. Jinkiri ba ya kare Kudu daga wannan. Abin da ya fi a nan shi ne, bayan jinkirin, Kudu ya manta da kwanto gaba ɗaya, ya buga As, sannan ya ci gaba da daimon. In Sarkin yana wajen Gabas, ya ci abinsa, ba shi da mashin da zai ja. In yana wajen Yamma tare da wasu katuna, to ko an yi kwanto ma shi zai ci. Ribar tana wuri ɗaya ne: idan Sarkin shi kaɗai ne a hannun Yamma, As zai faɗo da shi. Wannan bai kai kashi uku cikin ɗari ba, amma kyauta ne, domin abin da Kudu ya sadaukar bai wuce zubin rara ba, wanda kwangilar ba ta bukata. Ya kamata a ambata cewa a irin gasar da ake kwatanta sakamakon teburi da teburi a kowane rabo, zubin rara yana da daraja ƙwarai, kuma a can ɗan wasa yana iya zaɓar kwanton da gangan. Saboda haka amsar matsala tana rataye har da tsarin makin da ake wasa a kansa.

3.4 Haɗa Dama da Dama

Misali na biyu, uku ba-yanka, Yamma ya sake jan Sarkin mashi:

Arewa: ♠ 8 5 2  ♥ A Q 6  ♦ K 7 4  ♣ K 6 5 3
Kudu: ♠ A 4  ♥ 8 7 5 3  ♦ A Q 5 2  ♣ A Q 4

A nan tabbatattu takwas ne, ɗaya kawai ake nema. Kudu ba zai iya jinkirta As fiye da sau ɗaya ba, saboda haka Gabas zai kasance da sauran mashi, kuma sakin jan zubi ga ko wane ne cikinsu yana iya zama ƙarshen kwangila. Hanyoyin samun na tara uku ne. Kwanto a zuciya, wato a ja ƙarami daga Kudu a saka Sarauniya, yana da kashi 50. Rabuwar ganye 3-3 tana da 35.5, haka ma ta daimon.

Wanda ya kwatanta alƙaluman a gurguje zai ce 50 ta fi 35.5, ya tafi kai tsaye ga kwanto. Kuskurensa shi ne ya ɗauka zaɓi ake yi tsakaninsu, alhali kuwa jeri ake yi. Gwada ganye ba ya sakin jan zubi, gwada daimon ma haka. Idan duka biyun sun ƙi, kwanton yana nan bai tafi ko'ina ba. Amma idan aka fara da kwanto ya ci tura, babu sauran damar gwada komai. Idan aka bi jerin daidai, kwangilar za ta faɗi ne kawai in dukkan ukun sun ƙi, kuma a ƙiyasi mai sauƙi yiwuwar nasara ta tashi daga kashi 50 zuwa kimanin 79.

Akwai wani ɗan abu da ake yawan mantawa, wato inda jan zubi zai kasance a ƙarshe. Kwanton zuciya daga hannun Kudu ake jan sa. Don haka sai a fara da ganye, As da Sarauniya sannan Sarki, a ƙare a shimfiɗa inda kati na huɗu yake. In bai rabu ba, a buga Sarkin daimon, sannan As da Sarauniya, a ƙare a hannun Kudu inda daimon na huɗu yake, kuma daga nan ne za a ja zuciya idan bukata ta kama. Wanda ya juya wannan tsari zai tsinci kansa a shimfiɗa a lokacin da yake bukatar kasancewa a hannu, ya san abin da ya kamata ya yi amma babu ƙofar zuwa.

3.5 Karanta Katin da Abokin Hamayya ya Saki

Alƙaluman da aka kawo a 3.2 na farkon rabo ne. Kowane kati da ya faɗo yana canja su. Misalin da ya fi shahara shi ne wanda Terence Reese ya yi bayaninsa a littafinsa The Expert Game na shekarar 1958, wanda za a iya kira ƙa'idar ƙuntataccen zaɓi. A ɗauki dangi ɗaya:

Arewa: A 10 7 6 3
Kudu: K 9 5 2

Katuna huɗu ne a waje: Sarauniya, Jak, takwas da huɗu. Kudu ya buga Sarki, Yamma ya saki huɗu, Gabas ya saki Sarauniya. Kudu ya ja ƙarami, Yamma ya saki takwas. Saura Jak. Shin a saka goma, a ɗauka Jak yana wajen Yamma, ko a saka As a ɗauka zai faɗo daga Gabas?

A farkon rabo, yiwuwar Gabas ya riƙe Sarauniya da Jak su biyu kawai kashi 6.8 ce, ta Sarauniya ita kaɗai kuwa 6.2. Kamar As ya ɗan fi ke nan. To amma mai riƙe da Sarauniya da Jak yana da zaɓi, domin darajarsu ɗaya ce a hannunsa, wani lokaci zai saki wannan, wani lokaci wancan. Mai Sarauniya ita kaɗai ba shi da zaɓi. Tunda Sarauniya aka gani, sai a raba 6.8 gida biyu, ta koma 3.4, a gwada ta da 6.2. Saka goma ya fi da kusan ninki biyu. Sababbin 'yan wasa sukan yi gardama da wannan hujja, suna cewa katin da aka riga aka raba ba ya tashi daga hannu ya koma wani. Gaskiya ne katin bai motsa ba. Abin da ya ƙaru shi ne sanin Kudu game da inda yake.

3.6 Tilasta wa Mai Tsaro ya Warware Matsalar

Mataki mafi ƙwarewa shi ne ɗan kwangila ya ƙi yin canke gaba ɗaya. Misali na uku, kwangilar shida mashi, Yamma ya ja Sarauniyar daimon:

Arewa: ♠ Q J 9 5  ♥ K 6 3  ♦ A 8 2  ♣ K 10 4
Kudu: ♠ A K 10 8 4  ♥ A 7 4  ♦ K 5  ♣ A J 5

Zubi ɗaya kawai aka yarda Kudu ya rasa, kuma akwai ɗaya a zuciya da babu makawa. Saboda haka dole ne kada Sarauniyar ganye ta ci. Ana iya yi mata kwanto ta kowane ɓangare, ta Gabas ko ta Yamma, kuma idan babu wata alama daga tayi, wannan canke ne na rabi da rabi.

Kudu zai ci zubin farko da Sarkin daimon, ya ja mashi har na masu tsaro su ƙare. Sannan ya buga As na daimon, ya yanke daimon na uku a hannunsa. Yanzu babu daimon a hannu, babu a shimfiɗa. Sai ya buga As da Sarkin zuciya, ya ja zuciya ta uku ya bar masu tsaro su ci. Wannan zubi dama nasu ne, abin da Kudu ya zaɓa shi ne lokacin ba su shi.

Duk wanda ya ci cikinsu ya shiga tsaka mai wuya. Idan ya ja ganye, Kudu zai saki ƙarami daga hannun da ke biye, kuma ko Sarauniya ta fito a kashe ta, ko Jak ko goma ya ci, ganye uku sun tabbata. Idan kuma ya ja zuciya ko daimon, dangin da babu shi a hannu da shimfiɗa, sai Kudu ya yanka a ɗaya ya jefar da ganye a ɗayan, daga baya ya yanke ganye na uku. Sharaɗin dabarar shi ne a sami sauran mashi a hannu da kuma shimfiɗa a lokacin da aka miƙa zubin. Wannan zai samu idan mashi huɗu na waje sun rabu 2-2 ko 3-1, wato fiye da kashi 90 cikin ɗari. Sai a rabuwar 4-0 ne Kudu zai koma ga canke, kuma ko a nan ya riga ya san wanda ke da mashi huɗu yana da ƙarancin gurbin sauran katuna, don haka ya fi kyau ya nemi Sarauniyar a wajen ɗayan.

3.7 Matsalar Buɗaɗɗun Hannaye da ta Rufaffu

Duk misalan da suka gabata na rufaffun hannaye ne, inda mai warwarewa yake ganin hannu biyu kawai. Akwai wani nau'i da ake baje dukkan huɗun, a ce a nemo hanyar da za ta ci ko da masu tsaro sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Wannan ya girmi birij na kwangila, domin tun a shekarar 1885 William Whitfeld ya wallafa shahararriyar matsalarsa ta katuna shida-shida a Ingila. Irin wannan matsala amsarta ɗaya ce tabbatacciya, kuma manhajojin kwamfuta suna warware cikakken rabo na wannan nau'i cikin ƙiftawar ido. Manhajar GIB ta Matthew Ginsberg ta yi amfani da wannan wajen tunkarar rufaffun hannaye: takan ƙirƙiro rabe-rabe masu yawa da suka dace da tayi da katunan da aka gani, ta warware kowanne a buɗe, sannan ta zaɓi katin da ya fi yawan nasara. A gasar warware matsaloli da aka yi a birnin Lil na ƙasar Faransa a 1998, ta zo ta 12 a cikin manyan 'yan wasan duniya.

Wannan bambanci yana da muhimmanci wajen auna amsa. A misali na biyu, mai yiwuwa ne ganye da daimon su ƙi rabuwa, Sarkin zuciya kuma ya kasance wajen Gabas shi kaɗai, ta yadda wanda ya buga As ba tare da wani dalili ba zai yi nasara, wanda ya bi jerin da aka bayyana kuma ya faɗi. Mai duba hannaye huɗu bayan an gama zai ce As ne daidai. Amma Kudu hannu biyu yake gani, kuma a cikin dukkan rabe-raben da suka dace da abin da yake gani, jerin da aka bayyana yana cin kusan huɗu cikin biyar, alhali yiwuwar Sarki ya zauna shi kaɗai a wajen Gabas, cikin katunan zuciya shida da ke waje, ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba.